Tafin Hannun Bu Rukmini

Bu Rukmini tana cikin murza kafaɗar Bu Endang ta ji labarin. A garin nan da Bu ake girmama mace, da Pak dattijo, da Mas kuma namijin da bai manyanta ba. Bu Endang tsohuwar malamar makaranta ce, ta daɗe tana zuwa gidan tausar makafi na unguwar Laweyan duk ranar Laraba, kuma ba ta yarda kowa ya taɓa ta sai Bu Rukmini. Mace ce mai surutu. Daga ta kwanta za ta fara da tsadar barkono ta ƙare a kan matar ɗanta. Amma ranar nan ta yi gum, kafaɗar kuma ta ƙi saki.

"Saki jikinki mana, Bu. Yau kamar ƙyauren ƙofa nake murzawa."

"Bu Ruk," in ji Bu Endang, fuskarta a cikin matashi, "me ya sa ba ki taɓa gaya mini ba?"

"In gaya miki me?"

"Halin da kuke ciki. Shekara da shekaru ina zuwa ina cika miki kunne da ƙorafina, ashe ke ko abin da za ki ci..."

Hannun Bu Rukmini ya tsaya. "Abin da zan ci? Da safen nan na ci shinkafa da tempe na waken soya har na yi ƙari. Wa ya faɗa miki haka?"

"A waya na gani. Sabon shafinku na intanet. Matar ɗana ce ta turo mini, ita ma wai ƙawayenta ne suke ta yawo da shi."

Shafin nan shi ne abin da ƙungiyar makafin masu tausa ta daɗe tana nema. A da mutane da ƙafarsu suke zuwa, su yi sallama, su jira a benci. Yanzu kowa a waya yake neman mai tausa, ya latsa, wani saurayi ya zo masa har gida a kan babur. Gadajen gidan sun fara wuni babu wanda ya hau su. Bu Rukmini ce shugabar ƙungiyar, ita ta je da kanta wajen Bu Handoyo, matar mai babban otal ɗin nan na kusa da tashar jirgin ƙasa, wadda take da gidauniyar taimako. Ta ce mata abu ɗaya suke so: wuri a intanet inda mai ciwon baya zai same su, ya ga farashi, ya zaɓi lokaci. Bu Handoyo ta ce an gama. Ta ɗauko mai gina shafi, ta aiko mai hoto, ta kuma sa Asabar mai zuwa ranar bikin buɗewa. Ashe tun kafin bikin ta fara tura wa ƙawayenta.

"Faɗa mini abin da kika gani," in ji Bu Rukmini.

Bu Endang ta yi ta kame-kame kafin ta faɗa. Da an buɗe shafin, Bu Rukmini ce take fara bayyana, ita kaɗai, a bakin ƙofar gidan. Ta ɗaga fuska sama, ta miƙa hannun dama, tafin a buɗe. A ƙarƙashinta an rubuta da manyan baƙaƙe: *Suna cikin duhu, ka zama haskensu.*

Bu Rukmini ta tuna ranar. Mai hoton ya wuni yana zagaya su, yana ta ƙyas-ƙyas da na'urarsa. Can ta ji iska ta sauya, ƙanshin ƙasa ya taso, ga zannuwan gado a shanye a igiya. Sai ta fita bakin ƙofa ta miƙa hannu ta ji ko an fara yayyafi. Haka take yi tun tana yarinya. Kowa a gidan haka yake yi.

Ta ƙara mai a hannu ta gama aikinta, ba ta rage ko tsoka ɗaya ba. Da Bu Endang ta zo tafiya, bayan kuɗin tausa sai ta cusa mata wani abu a nannaɗe cikin tafin hannu. Bu Rukmini ta kama yatsun matar ta mayar mata, ta dunƙule su a kai.

"Na aikina na karɓa. Wannan ki saya wa surukarki barkono."

Bayan la'asar, da baƙi suka ɗauke ƙafa, 'yan ƙungiyar suka taru a barandar baya kamar kullum, kowa da kofin shayinsa. Bu Rukmini ta ciro wayarta, ta nemo adireshin da Bu Endang ta tura mata. Kowannensu yana da muryar nan a cikin wayarsa, mai karanta duk abin da yatsa ya taɓa. Uwar Surutu suke ce mata, don sun saita ta tana zuba da gudun da mai ido ba ya tsintar ko kalma ɗaya. Da ita suke karanta saƙo, da ita suke kiran babur, da ita Pak Wagiman yake bin labarin ƙwallo.

Bu Rukmini ta ja yatsa a kan gilashin.

"Hoto," in ji Uwar Surutu.

Ta sake ja.

"Hoto. Hoto. Maɓalli marar suna. Hoto. Ba da sadaka."

"Yau kuma Uwar Surutu azumin magana take yi?" in ji Pak Wagiman. Shi ne babbansu a shekaru, tare suka koyi tausa da Bu Rukmini tun suna matasa, shi ya sa babu abin da ba ya gaya mata.

Rubutun ma a jikin hotunan aka manna shi, muryar ba ta da abin karantawa. Sai aka miƙa wa Lastri wayar. Ita ce ƙaramarsu, tana da ɗan sauran gani a ido ɗaya, idan ta manna waya a hancinta takan rarrabe abubuwa.

"Kai ma kana ciki, Pak," in ji ta. "Kana zaune a benci, kanka a sunkuye, sandarka tsakanin gwiwoyi."

"Ina zurfin tunani kenan."

"Sun rubuta wai kana jiran wanda zai tuna da kai."

"Barci nake yi! Wa ba ya barci bayan azahar? To sabuwar rigata mai zanen batik fa, ta fito?"

"Babu launi ma, Pak. Duk baƙi da fari suka mayar da mu."

"Rigar da aka rantse mini ja ce? Kai, an cuce ni sau biyu."

Aka yi dariya, ban da Bu Rukmini. Ta sa Lastri ta bi shafin har ƙasa. Babu farashi, babu lokacin buɗewa da rufewa, babu kwatancen gidan. Lambar wayar da ke ciki ta ofishin gidauniya ce. Kalmar tausa ma sau ɗaya ta fito, can ƙasa, inda aka ce *har sukan taɓa 'yar sana'a.*

"Ruk," in ji Pak Wagiman, muryarsa ta sauya, "na san wannan numfashin naki. Otal ɗin mijin Bu Handoyo ne yake kiranmu duk ƙarshen mako, shi yake riƙe da rabin gidan nan. Hoto ne kawai. Mu da ba ma ganinsa ma."

"Mu ba ma ganinsa, Man," in ji Bu Rukmini, haka take taƙaice sunansa. "Masu zuwa su kwanta a gadonmu suna ganinsa. Yau Bu Endang ta ƙi sakar mini kafaɗa, kunya take ji in taɓa ta. Mutum ba ya kai bayansa wajen wanda yake jin tausayi. Sadaka zai aiko masa, bayan kuma ya kai wani wuri."

Ta ji Pak Wagiman ya kurɓi shayi da ƙarfi, yadda yake yi idan bai yarda ba.

Washegari Mas Danang ya zo gwada lasifika da allon da za a haska shafin ranar biki. Shi ne mai gina shafin, magidanci mai sanyin murya, kullum warin taba da kofi na bin sa. Bu Rukmini ta bari sai da ya gama jan wayoyinsa, sannan ta dafa wuyansa kamar wasa.

"Subhanallahi. Wannan wuya ne ko gora? Zo ka zauna."

"A'a, Bu, ina sauri..."

"Zauna, Mas."

Ya zauna a kujerar tausa. Sai da ta kafa babban yatsanta a gindin wuyansa, inda ba shi da halin tashi, sannan ta ce, "Na shiga shafinmu jiya."

Tsokar da ke ƙarƙashin yatsanta ta ɗaure tamau.

"Na ce na shiga, amma ƙarya nake. A bakin ƙofa na tsaya. An ce ma a can ka ajiye ni, da hannu a miƙe."

Mas Danang bai yi musu ba. Ya ce wanda ya fara ginawa ba haka yake ba. Akwai farashi a sama, akwai wurin zaɓar rana da mai tausa, kowane hoto da bayaninsa a rubuce yadda muryar waya za ta karanta. Da ya kai wa Bu Handoyo sai ta ce wannan ai kanti ne, ba ya taɓa zuciya. Ita tana son abin da in ƙawayenta suka gani hawaye zai zo musu. Ita ta zaɓi hotunan, ita ta tsara kalmomin.

"Kai kuma ka ce to."

"Ita ta ɗauke ni aiki, Bu. Kuma... ai an nuna muku. Kun ce ya yi."

Nan ne abin ya soki Bu Rukmini, don gaskiya ya faɗa. A watan da ya wuce Bu Handoyo ta zo da shafin, aka haska shi a bango a gaban ɗaki cike da makafi, ana kiɗa mai sanyi. Da kiɗan ya tsaya Bu Handoyo ta yi tafi, su ma suka yi tafi. Ta tambaya ko ya yi, Bu Rukmini ta sunkuyar da kai ta ce madalla, an gode. A garin nan ba a ce wa babban mutum a'a a gaban jama'a, balle wanda ya zo da alheri. Haka aka tarbiyyantar da ita, haka ta tarbiyyantar da 'ya'yanta.

"To mayar da na farkon," in ji ta.

"Ba zan iya ba, Bu. Sunan shafin da kalmar sirrinsa duk a hannun gidauniya suke. Ko harafi ɗaya ba ya canzuwa sai da izininta."

"Shafinmu, amma makullin yana gidan wani."

"Haka aka yi rajistarsa."

Ta gama masa wuyan, ya tashi yana juya kai yana mamakin yadda ya saki. Da ya fita ta kira Bu Handoyo. Ta yi gaisuwa mai tsawo, ta tambayi lafiyar maigida da jikoki, sannan ta kawo maganar a hankali, da duk ladabin da ta iya. Bu Handoyo ta yi dariya mai taushi.

"Haba Bu Ruk, kada wannan ya dame ki. Hoton nan naki ya yi kyau ƙwarai, da kin gan shi da kin yarda. Ki bar mana wannan ɓangaren, mu muka san abin da ke motsa mutane. Bayan biki ma duba sauran."

Bu Rukmini ta san abin da ake nufi da bayan biki. In aka yi taro, aka ci abinci, aka ɗauki hoto, magana ta ƙare.

Ranar Asabar gidan ya cika tun da hantsi. An tura gadaje jikin bango, an jera kujerun haya. Bu Rukmini tana zaune a gaba cikin rigar bikinta, tana rarrabe baƙi da hanci da kunne: turarukan matan gidauniya, ƙwas-ƙwas ɗin takalmansu, tarin mai unguwa, da ƙyas-ƙyas ɗin mai hoton nan da ya dawo. Sama da duka kuma ƙanshin tumpeng ne, wanda aka kawo daga kicin ɗin otal. Lastri ta raɗa mata cewa ba ta taɓa ganin mai tsayinsa ba: tulin shinkafa mai kurkum da madarar kwakwa, an yi masa tsinin kai kamar dutse, an zagaye gindinsa da kaza da ƙwai da tempe da ganye a kan faffaɗan faifai.

Kowa a ɗakin ya san tsarin. Bayan jawabi da addu'a, mai gida zai yanke kan tulin ya sa a faranti ya miƙa wa wanda ya fi girmamawa. Da wannan aka karɓi alheri, aka shaida a gaban jama'a. Kafin a yanke kan, babu mai kai hannu ga abincin.

Mai unguwa ya yi jawabi. Bu Handoyo ta yi nata, muryarta na rawa a wuraren da ya kamata, kuma Bu Rukmini ta ji a ranta cewa matar ba ƙarya take yi ba, da gaske take jin tausayinsu. Aka kunna kiɗan nan mai sanyi, aka haska bango. Ta ji wata a layin gaba tana jan hanci. Aka yi addu'a, aka shafa. Sai aka kamo hannunta aka kai ta gaban tebur, aka damƙa mata babban cokali, wani ya riƙe mata makirufo a baki.

Tunda take ba ta taɓa yin abin da za ta yi yanzu ba. Ta lalubi gefen faifan ta ajiye cokalin.

"Kafin in yanka," in ji ta, "ina so in shiga shafin namu a gabanku. Kun gani da ido, mu ma bari mu ji da kunne."

Wasu suka yi tafi, sun ɗauka cikin tsarin bikin ne. Ta ciro wayarta. Tun da asuba ta rage wa Uwar Surutu gudu yadda kowa zai fahimta. Ta kara wayar a makirufo ta ja yatsa.

"Hoto," in ji muryar, ta cika ɗakin. "Hoto. Hoto. Maɓalli marar suna. Hoto. Ba da sadaka."

Ta sake bi daga sama, a hankali, don kada wani ya ce kuskure ne. Ta kai ƙarshe. Kiɗan ya tsaya, ba ta san wanda ya kashe shi ba.

"Abin da muke ji kenan," in ji ta. "An ce kuma ina can a bango, na miƙa hannu." Ta miƙa shi, tafin a buɗe, yadda ta yi a bakin ƙofa. "Ga shi. Ruwa nake dubawa, mun yi shanya. Wannan hannun tun ina budurwa yake aiki. Ya aurar da 'ya'ya biyu. Akwai waɗanda ke zaune a ɗakin nan da ya tayar da su daga kwance, ba zan kira suna ba. Bai taɓa roƙon kowa ba."

"Ni ce ɗaya," in ji wata murya daga baya. Bu Endang ce.

"Bu Ruk," in ji Bu Handoyo. Ta matso kusa, tana magana ƙasa-ƙasa, amma makirufo ya ɗauka. "Wannan ba wurinsa ba ne. Kin san ƙawayena har sun fara turo taimako saboda hoton nan?"

"Allah ya saka musu, Bu. A mayar musu, ko a ce su zo mu yi musu tausa, ga gadaje nan babu kowa. Ban ce ba mu gode ba. Kin yi mana alheri da yawa, kuma na yi laifi da na ce ya yi alhali ban ji komai ba. Amma ba zan yi bikin tarewa a gidan da ba na iya shiga ba. In an mayar da farashinmu da lambarmu, aka cire hannuna daga ƙofa, aka ba mu makullin, ni da kaina zan dafa wani tumpeng in kawo miki kansa har gida. Wannan dai ba zan yanka ba."

Sannan ta ji an ɗauki jaka daga kan kujera.

"Ban taɓa ganin inda aka yi wa mutum haka ba," in ji Bu Handoyo, kuma yanzu rawar muryarta ta gaske ce. Takalmanta suka nufi ƙofa. Sauran takalman suka bi, turarukan suka janye ɗaya bayan ɗaya. Mai unguwa ya yi gyaran murya, ya ce yana da wani taro. Kafin azahar babu kowa sai 'yan gida, da Bu Endang, da wani mai warin taba da ke naɗe wayoyi a kusurwa.

"To," in ji Pak Wagiman. "Mun kori otal, mun kori mai unguwa. Shinkafar fa, ita ma korar ta za mu yi?"

"Ku ci."

"Ba a yanke kai ba."

"Ku ci ta gindi. Kan dai kada wanda ya taɓa."

Ba a taɓa yin haka ba, amma yunwa ta kama kowa. Suka zagaye faifan suna ɗiba daga ƙasa, ana ture hannun juna, Pak Wagiman yana rantsuwa cewa Lastri da ido ɗayanta ta kwashe cinyoyin kaza. Suna ci tulin yana zama, yana zama, har kan ya kife ya faɗa cikin sauran shinkafar. Babu wanda ya san bakin da ya shiga.

Otal bai sake kira ba. Ƙarshen mako ya zo ya wuce, wayar gidan shiru. Biyu daga cikin 'yan ƙungiyar suka koma tausa a gidajensu, ɗaya ma ko sallama bai yi ba. Pak Wagiman ya daina zama kusa da Bu Rukmini lokacin shayi. In ta yi magana sai ya ce wa Lastri, "Tambayi shugaba ko girman kai ana dafa shi da tempe." Ba ta mayar masa ba. Ta san yana da jikoki a gabansa. Shafin gidauniya kuwa an sauke shi, in aka shiga adireshin babu komai.

Ana cikin haka Mas Danang ya dawo. Ya ce wuyan ne ya sake ɗaurewa. Sai da ya zauna a kujera ya ce na farkon nan da ya gina yana nan a kwamfutarsa, bai goge ba.

"Ba kyauta ba," in ji Bu Rukmini.

"Ban ce kyauta ba, Bu. Ina da iyali."

Suka daidaita, ƙungiya za ta biya daga asusunta a hankali, wuyansa kuma ya zama nata har ya warke. Wannan karon da sunan ƙungiya aka yi rajista. Kalmar sirri Bu Rukmini ta zaɓa, ta haddace, ta sa Lastri ma ta haddace. Aikin bai tafi lami lafiya ba. Bu Rukmini ta so a fara da tarihin ƙungiya tun daga kafuwarta, da sunayen waɗanda suka rasu. Mas Danang, wanda bai iya ce wa Bu Handoyo a'a ba, ita ya ce mata a'a.

"Mai ciwon ƙugu ba tarihi yake nema ba, Bu. Farashi, lokaci, wuri, lamba. Tarihi ya koma ciki, mai so ya bi shi."

"Ka koyi baki."

"A nan na koya."

Ita ma ta kafe a kan nata. Duk abin da ya ƙara sai an miƙa wa 'yan gida waya sun bi da kunne. In Uwar Surutu ta ce maɓalli marar suna, a nan za a tsaya sai ya ba shi suna. Hoton farko kuwa Bu Endang ce ta ba da aron kafaɗarta, aka ɗauki hannuwan Bu Rukmini a kai, da launinsu, da maiƙonsu. Pak Wagiman ya ƙi a ɗauke shi, sannan ya zo da jar rigarsa a ranar, wai dama ita ce a saman kaya, a cikinta kuwa aka ɗauke shi. Bu Endang ta tura adireshin ga matar ɗanta, ta ce ta mayar wa ƙawayen nan nata, su ga na gaskiya.

Shafin ya hau babu biki. Kwanaki suka shuɗe babu wanda ya latsa komai. Bu Rukmini takan shiga da safe ta bi shi daga sama har ƙasa, ta ji sunanta da na abokan aikinta, ta ji kwatancen gidan, ta fita. Ko ba komai tana shiga.

Wata ranar Litinin bayan azahar, suna baranda, wayarta ta yi ƙara a aljihu. Ta ciro ta taɓa. Uwar Surutu ta zubo da gudunta: sabon mai neman tausa, namiji, direban mota, ciwon ƙugu, yau da la'asar, ya zaɓi Pak Wagiman.

Kofin Pak Wagiman ya daki faranti. "Wa? Na san shi?"

"Ba ka san shi ba. Daga garin Kartasura yake."

"To me ya sa ya zaɓe ni?"

"Jar riga, Pak," in ji Lastri.

"Mutum ɗaya ne fa," in ji shi. "Mutum ɗaya ba otal ba ne, Ruk."

"Na sani, Man."

Amma ta ji ya tashi, ta ji sandarsa ta nufi ɗakin maza, can kuma ta jiyo shi yana faɗan wa ya taɓa masa kwalbar mai. Lastri ta tambaya ko yanzu za a dafa tumpeng.

"Bari mu ga direban ya fita da ƙafarsa tukuna," in ji Bu Rukmini.

Iska ta sauya. Ƙanshin ƙasa ya taso daga wajen titi, ga zannuwa a igiya, har da wanda za a shimfiɗa wa baƙon. Ta tashi ta bi bango ta fita bakin ƙofa. Babura na wucewa, yaran makaranta na hayaniya a tsallaken titi, ba ta san ido nawa ne a kanta ba. Ta ɗaga fuska ta miƙa hannun dama, tafin a buɗe, ta bar shi a nan har ɗigon farko ya sauka.

"Lastri! Kwaso shanya, ruwa ya zo."